Hajiya mai fara a Aboabo: na saya, na ci, na ajiye wata biyar a jakar guzuri

Tun watan Nuwamba nake son in yi maganar matar nan da farar da take saidawa amma na ce bari dai in jira, don Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, kuma abin da ya kai ni wajenta tun farko ba kwaɗayi ba ne kawai, nema nake in samu abincin da zan jefa a jaka in manta da shi sai ranar da ta ɓaci. Yanzu wata biyar kenan, na ci, na ajiye, wata ta lalace wata ta tsaya, to yanzu ina da bakin magana.

Bari in fara da abin da ya jawo. Sana'ata bin mota ce, ina kai kayan gyaran mota daga Magazin, kasuwar kayan mota ta Kumasi a Ghana, zuwa arewa, in za mu dawo mu ɗauko doya. Daminar bara motarmu ta kafe a taɓo a wata hanyar daji tsakanin Salaga da Bimbila, mun bar babban titi mun shiga ƙauye ɗaukar doya, ruwa ya sauko mana kamar da bakin ƙwarya, taya ta nutse har kusan aksil. Mu huɗu ne. Burodi ɗaya gare mu da rabin jakar piya wata, wato ruwan leda, netwok babu, tarakta da za ta jawo mu sai da muka kwana biyu tukun ta iso. Doya kam ga ta cike da mota amma itace duk ya jiƙe, da kyar muka hura wutar da ta gasa mana guda biyu ita ma waje ya ƙone ciki ɗanye. Daren farko yaron motarmu, wani yaro Bazabarme mai hankali, ya buɗe jakarsa ya ciro wani ƙulli a leda ya ce Yaya ga wannan in za ku iya. Fara ce busasshiya da gari a wata ledar. Wallahi abin da muka ci kenan kwana biyun nan, a jiƙa gari a zuba fara a kai, kuma ba wanda ya galabaice a cikinmu, da safe mun iya haƙa muna cusa duwatsu ƙarƙashin taya. Tun daga ranar na sa wa raina sai na nemo inda ake saida ta a Kumasi.

Ba ta da wuyar samu in ka san wanda za ka tambaya, amma in kana jiran ka ga allo ko shago mai fenti to za ka wuce ta sau goma. A Aboabo take, cikin lungu, ƙofar gida ce kawai da tebur da akwatin gilashi irin na masu ƙosai, sai buhu biyu a zaure an rufe da tabarma. Ka hau piragiya, wato keke mai ƙafa uku, ka sauka ka tambayi masu shayi ko masu albasa ina Hajiya mai fara 'yar Maradi, za a nuna maka. Daga la'asar take fitowa. Dattijuwa ce, tana da jika budurwa da ke taya ta kuma ita ke karɓar momo, wato kuɗin waya, in ba ka da kuɗi a hannu.

Iri biyu take saidawa. Akwai soyayya mai yaji wadda ake ƙullawa a leda, ita ce yara da matasa ke rububi, ƙullin sidi 10 da na sidi 20. Sai busasshiya wadda ba a soya ba, ita a buhu take, ana aunawa da gwangwani ko olonka, mudun awo na Ghana, kuma ita sai ka tambaya don ba ta fito da ita kan tebur. Ranar farko na ce mata, Mma wannan daga ina ake kawo miki? Ta ce ɗana daga gida, ƙannena ke saya mini a ƙauyukan Maradi, motocin albasa ke sauke mini. Ta yi mini bayanin yadda ake yi tun daga gona, wai bayan an yi girbin gero sanyi ya fara shigowa mata da yara ke fita tun da asuba da tocila, lokacin fara ta yi sanyi ba ta iya tashi, a yi ta tsinta a buhu, a dawo gida a zuba ta a tafasasshen ruwan gishiri, a tsame a baza a rana har ta bushe ƙayau. A haka take tsallako iyaka. In ta iso nan sai Hajiya ta cire fiffike da ƙafafu, ta bakace a faifai, sannan ta soya da man gyaɗa da albasa, in ta tsame ta barbaɗa yaji da magi ta ɗan matsa lemun tsami.

Maganar ɗanɗano kam ba ni da ta cewa. Na tsaya a gabanta ta tsamo wata daga kasko tana ƙyalli, ja-ja haka, ta zuba mini kaɗan a tafin hannu ta ce taɓa ka ji. Zafi, rumus, ka tauna ka ji ƙaras sannan ɗanɗanon ya biyo, wani abu tsakanin jatan lande da busasshen kifi amma babu ƙarnin kifi, ga ƙamshin gyaɗa a yajin. In ka dace da mai ƙwai, wadda cikinta ya cika ya yi rawaya, ita kam sai ka lumshe ido. Man bai yi yawa ba, ba irin wadda za ka ɗaga leda ka ga mai ya kwanta a ƙasa ba. Na ci fara a Kano na ci a Yamai, ta Hajiya ba ta bayan kowacce. In don ci na yau ne kawai, da shayi ko a kan wake da shinkafa ko haka nan kana tafiya kana jefawa a baki, cikin goma na ba ta tara.

Amma ni ajiya nake nema, don haka na sayi soyayya ta sidi 60 da busasshiya olonka ɗaya na tafi gida na raba su. Soyayyar na bar rabi a ledarta yadda aka ƙulla, rabi na juye a kwalba mai murfi. Busasshiyar na kasa uku, kashi ɗaya na zuba a kwalba kai tsaye yadda na sayo, kashi biyu na sake baza su a rana kwana biyu a kan faranti a saman rufi, lokacin hunturu ya fara, sannan na zuba a kwalabe busassu na ɗaure murfin da leda. Ɗaya na sa a akwatin mota ɗaya a ɗaki.

Ta cikin leda ita ta fara tafiya. Sati biyu ta saki ta yi laushi, sati uku ta fara warin tsohon mai, in ka tauna ka ji maƙaƙi a maƙogwaro, na zubar. Ta cikin kwalba ta kai wajen sati shida tana ciwuwa sannan ita ma man ya juya. Wannan ba laifin Hajiya ba ne, haka mai yake, duk abin da aka soya in iska da zafi suka daɗe a kansa sai ya lalace, ga Kumasi garin laima ne, ba irin Maradi ba da za ka bar abu a buhu ya shekara yana ƙaras. Busasshiyar da ban sake shanyawa ba, wata biyu na buɗe na ga ƙasan kwalbar ya yi fari-fari kamar auduga, fumfuna ta kama, kenan akwai sauran damshi a jikinta tun daga buhu, wataƙila ta sha raɓa a hanya ko a zauren. Ita ma duka na zubar ban tsince na sama ba, kuma don Allah kar wani ya ce zai soya ya ci, wasu nau'in fumfuna suna barin guba a abinci irin wadda ake samu a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara, tana taɓa hanta, kuma wutar kasko ba ta kashe ta. Kwalabe biyun da na sake shanyawa kuwa su ne suka ba ni mamaki, har ta cikin mota da ta sha zafi da girgiza, satin da ya wuce na buɗe wata biyar cif, ƙamshinta na nan, ƙaras ɗinta na nan, ba ƙwaro ba fumfuna.

To abin da nake son mutanenmu su gane kenan. Wadda ta fi daɗi ba ita ce ta ajiya ba. In ka je wajen Hajiya da niyyar guzuri ka ce mata busasshiya kake so, ka kai gida ka ƙara mata rana, ka rufe ta ruf.

Akwai kuma wani abu da sai da azumi na gane shi sosai. Na yi sahur da soyayyar rana ɗaya, kafin azahar maƙogwarona ya bushe kamar na haɗiyi toka, gishiri ne da yaji da magi. Ka ɗauka yanzu kana daji ko ambaliya ta tsare ku a gida ruwan sha kaɗan ne, abincin da zai sa ka shan ruwa ninki biyu ai cutarka zai yi. Busasshiyar ma da gishiri aka dafa ta amma kaɗan ne, ba ta kai waccan ba. Sannan fara ita kaɗai ba ta riƙe ciki. Abin gina jiki gare ta, in ta bushe fiye da rabin nauyinta furotin ne, tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da zink, amma ƙarfin da za ka yi aiki da shi, ka tura mota ka yi tafiyar ƙasa, wannan sai da gari ko dawa ko wani abu mai mai. Yaron motarmu ya san haka shi ya sa ledarsa biyu ce. Abin da nake yi yanzu, in daka busasshiyar a turmi ta zama gari, in haɗa da ƙuli-ƙuli dakakke, in sa a kwalba ɗaya, garin rogo a wata kwalbar. In buƙata ta zo kofi ɗaya na gari, cokali uku na haɗin nan, ɗan ruwa, an gama, ba wuta ba tukunya. Na gwada shi kwana biyu cur a tafiyar Tamale ban sayi abinci a hanya ba don in ga ko gaske ne, kuma na yi lodi na yi sauke lafiya lau. Yarana ma da suke ƙyamar ganin kan fara da idanunta, da aka daka aka zuba a miyar kuka sun sha ba su ce komai ba.

Da na kai wa Baba ya gani sai ya yi shiru ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya shiga ba ni labarin 1983. Mu da aka haifa bayan nan ji kawai muke yi. Shekarar ce fari ya haɗu da gobarar daji ta cinye gonakin koko da na abinci, ga kuma a watan Janairu gwamnatin Shagari a Najeriya ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Ghana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida lokaci guda babu abin da za a ba su. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, shi ne ake kira sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasa na lokacin. Baba ya ce ana bin layin dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, tun bai dahu ba, da masarar agaji rawaya ta zo kamar an ga zinariya. Ya ce da ruwan farko ya sauka shinge ya fito, duk gidan suka fita da kwanoni da ruwa suka kewaye fitila, Kakarmu ta soya shi a kasko ba mai don shi da kansa yake fitar da mai, kuma ya ce bai taɓa mantawa da daren ba don ranar ce ƙannensa suka yi barci ba kuka. Ya ce mini, kai dai ka ajiye, wanda bai ga 83 ba gani yake kasuwa ba ta taɓa rufuwa. Na tuna masa ai mun ɗan ɗanɗana a 2020, da aka kulle Kumasi da Accra daga 30 ga Maris har sati uku saboda korona, a Zango mutum nawa ne ke da abincin sati a ɗaki? Yawancinmu sai an fita ake samu.

Wani zai ce to addini fa. Fara kam babu gardama a kanta. Hadisin nan sananne ne cewa an halatta mana mushe biyu da jini biyu, kifi da fara, hanta da saifa. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Abi Aufa cewa sun fita yaƙi sau bakwai tare da Manzon Allah (SAW) suna cin fara, ka ga kenan tun wancan zamani guzurin matafiya ce a inda abinci ya yi wuya. Na tambayi malaminmu na unguwa bayan sallar isha'i, ya ce mini a mazhabar Malikiyya da yawancinmu muke bi ana son a kashe ta da wani sababi da niyya, kamar jefa ta a ruwan zafi ko cire kai, wadda aka tsinta ta mutu da kanta ba a ci. Da na ji haka sai na ga hikimar, don a zamanin nan farar da ka tsinta a mace a gona mai yiwuwa feshi ne ya kashe ta.

Maganar feshin nan ita ce ta fi damuna a duk harkar, ita ce kuma dalilin da ya sa na fi yarda da Hajiya a kan wani da zai zo da buhu a tasha ba ka san daga ina ba. In farin ɗango ya taso, irin wanda ke rufe rana, gwamnatoci da jirage da motoci suke fesa masa guba, haka aka yi a 2004 da ya mamaye Muritaniya da Mali da Senegal da Nijar, haka aka yi a gabashin Afirka a 2020 lokacin da Kenya ta ga irin wanda ba ta gani ba cikin shekara 70. Farar da ta sha wannan maganin tafasawa da soyawa ba su wanke ta. Na ce mata Mma ya kike gane wadda aka yi wa feshi? Ba ta yi mini ƙarya ba, ta ce ɗana da ido ba a ganewa ko da yaushe, wani lokaci za ka ji warin magani in ka buɗe buhu wani lokaci ba za ka ji ba, abin da na dogara da shi mutanen da ke kamo ta na san su na san ƙauyensu, kuma su ma ita suke ci da 'ya'yansu. Ta ce shekarar da aka yi feshi a yankin ba ta karɓa ko kyauta ne. Tana Maradi aka yi yunwar 2005 bayan fari da farin ɗango sun haɗu sun gama da gero, da ta zo wajen sai muryarta ta canza, ban ƙara tambaya ba. Amsar nan tata ta fi kwantar mini da hankali a kan a ce ta rantse mini cewa tata ba ta taɓa samun matsala ba.

Yanzu inda na ga gyara, don ba zan ɓoye ba. Zuwana na biyu a watan Janairu farar da na sayo akwai yashi, ka tauna ka ji gurus a haƙori, kuma ƙafafu da yawa ba a cire ba. Ranar jikar ce kaɗai a wajen ga layi, da alama an yi sauri. Ƙafar fara ta baya tana da ƙayoyi kamar zarto, tana kartar maƙogwaro, kuma in mutum ya ci da yawa ba ta narkewa tana iya cushe hanji, musamman yara. Na koma na faɗa mata, ba ta yi musu ba, ta ce ka yi haƙuri ɗana ta ƙara mini ƙulli ɗaya, kuma daga nan ban sake samun haka ba, amma dai duk wanda ya saya ya duba kafin ya miƙa wa yaro. Na biyu leda. Zuba abu mai zafi da mai a baƙar leda ba ya yi mini, gumi yake yi ya kashe ƙaras ɗin tun kafin ka kai gida, ni yanzu da robata nake zuwa. Na uku buhunan da ke zaure a ƙasa suke kan siminti, na ba ta shawara ta ɗora su kan katako don ina zargin daga nan damshin ya shiga wadda ta yi mini fumfuna. Kuɗi kuma ba ya tsayawa, olonkar da na saya a Nuwamba zuwa Maris ta ƙaru sosai, ta ce sefa ce ta hau kuma kaya sun ja baya. Wani lokaci ma babu gaba ɗaya, ta ce bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da aka rufe iyakoki motocin albasa suka maƙale, ta yi watanni teburinta a kife.

Abu ɗaya kuma mai muhimmanci da ba wanda ya gaya mini sai da ya faru a gidana. Ƙanwar matata ta zo hutu ta ci kamar guda goma, ba a yi rabin awa ba jikinta ya tashi da borin jini, leɓe ya kumbura tana ta susa, hankalinmu ya tashi. Ashe ita dama shito, soyayyen yajin nan mai jatan lande, yana yi mata haka, ƙaguwa ma ba ta ci. Mai kemis ɗin unguwa ya ba ta maganin ƙaiƙayi ya ce in numfashi ya fara yi mata wuya ko maƙogwaro ya kumbura kar mu tsaya mu wuce asibiti kai tsaye, Allah ya taimaka abin ya lafa. Daga baya na fahimci ƙwari da jatan lande da ƙaguwa dangin juna ne, akwai furotin iri ɗaya a jikinsu, wanda ɗaya ke tayar masa ɗayan ma zai iya. Don haka a gwada a gida da kaɗan lokacin da ake lafiya kuma asibiti na kusa, ba sai an shiga daji ba. Na gaya wa Hajiya ta riƙa tambayar sabbin masu saye, ta ce in sha Allah.

Makwabcina Ba'asante da ya ga ina shanya fara a rufi ya ce me ya sa ban gwada akokono ba, tsutsar nan fara mai ƙiba da ake samu a cikin ruɓaɓɓen itacen kwakwar manja bayan an gama tatsar bammi. Su kam abinci ne na gado, har kiwonta aka fara yi a wajen Kumasi bayan da wasu ɗalibai na jami'ar McGill ta Kanada suka ci kyautar Hult ta dala miliyan 1 a 2013 da wannan tunani na kiwon ƙwari suka zo suka fara aiki a nan. Kitse gare ta sosai, kenan ta fi fara ba da ƙarfi, amma kitsen nan shi ne zai hana ta daɗewa a jaka. Malam ya ce Malikiyya sun sassauta a kan irin waɗannan ƙananan halittu in an kashe su da niyya kuma ba sa cutarwa, sauran mazhabobi kuma sun hana in ban da fara, to ni dai na tsaya inda kowa ya yarda. A shekarar 2013 ɗin ne ma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoton da ya ce mutane wajen biliyan 2 a duniya suna cin ƙwari, nau'i sama da 1,900, kuma a 2021 Tarayyar Turai ta amince a saida fara a matsayin abinci a ƙasashenta. Ina faɗin wannan ne saboda yaranmu na Zango da suka fara jin kunyar a gan su da ƙullin fara a makaranta, wai abincin 'yan ƙauye ne, abin yana yi mini ciwo.

In kuma Allah ya sa mutum ya tsinci kansa a daji babu ko ƙullin, ba kowane ƙwaro ake kamawa ba. Farar tumfafiya mai zane rawaya da baƙi ba a cin ta, gubar ganyen da take ci tana jikinta. Duk mai launi mai ɗaukar ido, ko mai wari in ka taɓa, ko tsutsa mai gashi, bar su. Wanda ka tsinta a mace bar shi, na kusa da gonar koko ko auduga ko kayan lambu da ake yi wa feshi bar shi, na bola da kwata kam ba ma a magana. A ƙasar Yarabawa akwai wata tsutsa da ake ci lokacin damina da aka gano tana lalata bitamin B1 a jiki har mutane su riƙa karkarwa suna tangaɗi, kenan ko abin da wasu ke ci in ba ka san shi ba kar ka mai da shi abincinka na kullum. Fara ta gona mai launin ƙasa ko kore, gyare, shinge, su ne muka sani. Kuma ko yunwa ta kai ina a gasa ko a tafasa, a cire ƙafa da fiffike, ɗanye yana iya ɗauke da tsutsar ciki.

Jiya na bi ta wajenta da yamma na tarar ta ɗora buhunan kan katako, saura rabin buhu kawai, ta ce daga wannan sai kaka in Allah ya kai mu. Na auni olonka biyu na busasshiya, ɗaya tawa ɗaya ta yaron motarmu, na ƙara da ƙullin soyayya na sidi 20 na kai wa Baba. Yau da safe na baza su a rufi, ina ta duba sama don hadari ya fara haɗuwa ta gabas, in rana ta yi mini kwana biyu jibi zan daka in rufe kafin tafiyar Bolga.